Fulas a Ƙarƙashin Kujerar Ƙarshe

Filin jirginmu ba wani abin a zo a gani ba ne: titi ɗaya, ɗaki ɗaya, sai sikelin da nake auna kaya. Jirgin ma ɗaya ne. Litinin da Alhamis yake zuwa wani ƙaramin fili irin namu a bayan duwatsu, ya juyo. A mota kwana biyu ne, shi ma in gada ba ta karye ba. Ta sama kuwa minti hamsin.

Goggo ce ke share jirgin a nan. Yayarta, uwa ɗaya uba ɗaya, ita ke share shi a can. Shekara goma sha ɗaya rabon da su sa juna a ido, ga kewa tana cin Goggo, ko yaushe bakinta Yaya kaza, Yaya kaza.

Sai suka samo dabara. Goggo ta dafa shayi, ta cika fulas, ta tura ƙarƙashin kujerar ƙarshe. Direban jirgin ya sani, ya kau da kai. Yaya ta shanye da zafinsa, ta zubo nata. Goggo ta kurɓa, ta yatsine fuska tana murmushi: "Har yau matar nan ba ta iya sa sukari ba."

Wallahi abin yana ba ni haushi. Ma'aikaciya ce, in da kujera kyauta za a ɗauke ta. Na yi magana har na gaji.

"Haba Goggo, minti hamsin fa!"

"Ke tafi can! Ni ke kwashe ledojin amai. Na san abin da ake sha a saman nan. Sai an gyara hanya."

Ba a gyara ba.

Wata Litinin jirgi ya dawo, ta sunkuya ta jawo fulas, ta ji shi da nauyi kamar kullum. Ta kurɓa. Sukari zaƙwai. Nata ne, ba wanda ya buɗe. Direba ya ce wata ce daban ta yi shara a can, wai Yaya tana kwance. Muka yi ta kiran waya, ba ta shiga.

Ran Alhamis Goggo ta hau, fulas a rungume. Ni na ɗaura mata bel.

Bayan mako guda ta dawo, ta zauna a gefen sikelina. Ashe tana sauka a can, a gindin matakalar jirgi aka tare ta da labarin. Tun ran Laraba Yaya ta rasu.

"Na buɗe fulas ɗin a wurin, ban ma san dalili ba," in ji ta. "'Yar nan, shekara goma sha ɗaya ina cewa da nisa. Ko hucewa shayin bai yi ba."