Sungumin Labbo

Labbo masinja ne a wani ofishi a Birnin Kebbi, zamanin da kowace takarda sai an kai ta Sakkwato sa hannu. Shi kaɗai yake zaune a ɗakin haya a Gwadangaji, daga shi sai keke da tsohon sungumin da ya taho da shi daga Gulma ta ƙasar Argungu. Maƙwabta sukan yi dariya: me mai cin albashi zai yi da sungumi?

Ba su san yarintarsa ba. A Gulma, idan hadari ya taso daga gabas, shi da ƙanwarsa Asiya sukan fake a gindin rumbu suna shaƙar ƙamshin ƙasa. Washegari sai gona. Yana gaba yana sara, tana biye tana jefa irin gero tana rufewa da diddige.

"Yaya, rage taku," takan ce, "ƙafata ba ta kai taka ba."

Shekarar da ƙyanda ta shigo gari, ita ce ajalin Asiya.

Duk ruwan farko, Labbo yakan fita ɗan filin bayan ɗakinsa. Yakan sara ramukan kusa da juna, har geron ya matse ya ƙi yin zangarniyar kirki. An sha gaya masa ya buɗa taku, sai ya ce to. In ya kai ƙarshen layi yakan tsaya ya ɗan jira, sannan ya koma farko ya jefa irin da kansa.