Sunan da Hajiya Kulu Kaɗai Ta Ji

Ina Aliero ana loda albasa, direban da ya fito daga Jega ya ce mini Hajiya Kulu ta cika da hantsi. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Na zauna a kan buhu.

Jami'ar walwalar jama'a ce da aka turo daga Sakkwato. Ita ta ɗauke mu muna 'yan mata, ta koya mana binciken halin da yara ke ciki a gidaje. Faɗa gare ta, kuma mun sha shi. Ba ta yarda mu shiga gida da tambaya a baki ba. Sai dai mu karɓi taɓarya mu taya daka, idonmu na kan yaran: wa ke cin tuwo a gefe shi kaɗai, wa ke ƙanƙame jiki in babba ya ɗaga hannu ko don sosa kai. Takan ce, "Ɗan da ba shi kuka, shi za ki hwara dubawa."

Ita ta nuna mana cewa uwa ba ta lissafa ɗan fari saboda kunya, balle ta kira sunansa, alhali sau da yawa shi ake bayarwa riƙo. Takan ce, "Wanda uwa ta tsallake, shi na aikinmu."

A wani ƙauye kusa da Maiyama, wata mata mai suna Saratu ta rako mu har zaure, kanta a sunkuye. Ta ce, "Hajiya, in kunka tahi Aliero, ku leƙa gidan ƙanen maigida. Akwai wata can." Iyakar abin da bakinta ya iya faɗa ke nan game da 'yar cikinta.

Mun sami yarinyar, Rabi, a wurin mai ɗori, hannu a karye, kuma ba karon farko ba. Aka ce daga jaki ta faɗo. Hajiya ta ɗaga rigarta, ta ga bayanta, ta sauke a hankali. Ban taɓa ganin fuskarta haka ba. Ta je wa uban yarinyar, ya ce ba zai kunyata ƙanensa ba. Ta je wa mai gari, aka ce mata, "Riƙo na, Hajiya, maganar dangi ta." Ta koma, ta sake komawa, har aka fara ce mata mai raba zumunci. Kafin a yarda a mayar da Rabi ga uwarta, an kai ta makwancinta.

Hajiya ba ta aiki kowa ba, da ƙafarta ta koma ƙauyen. Saratu na zaune cikin mata ido a bushe, don ko kukan ɗan fari abin kunya ne. Hajiya ta ja ta ɗaki ta saki labule. Ina tsaye a ƙofa, na ji gunjin da har yau ban manta da shi ba. Daga ranar duk wadda ta zo koyon aiki, labarin Rabi ake fara ba ta, kuma yara da dama sun koma ga iyayensu a dalilinsa. Amma Hajiya ba ta taɓa ɗaukar wannan a matsayin diyya ba.

Ranar sadakar ukun Hajiya na ga Saratu a Jega, ta rame, ta zauna can bakin tabarma. Na ce, "Inna, da nisan nan?"

Ta ce, "Dole na, ɗiyata. Ran nan a ɗaki Hajiya cewa ta yi, kira sunan ɗiyarki, ba kowa sai ni. Na kira. Duk duniya ita kaɗai ta taɓa ji."

Allah Ya jiƙan Hajiya Kulu, Ya yafe mata kurakuranta, Ya haskaka kabarinta. Ya ba 'ya'yanta da jikokinta haƙurin rashinta, Ya ba mu ƙarfin riƙe aikin da ta bari. Ya ba Saratu dangana. Allah Ya jiƙan Rabi, Ya sada ta da wadda ta yi mata yaƙi. Amin.