Rakiyar Ungulu Daga Ƙofa Zuwa Doguwa

Ƙofa

Ƙarfe biyar da rabi, ana idar da sallar asuba, na fito da kwando a ka, an rufe shi da buhu. Shekarata sittin da biyu, da jikokina, amma ranar nan ungulu na ɗauko. Aikin taubashina ne, Ilu Sarkin Pawa. Tun muna yara yake sa ni wahala, ga shi ciwon ƙafa ya kwantar da shi bai daina ba.

Ungulun nan ita kaɗai ta rage a mayankar garinmu, masu neman kawunansu don haɗa magani sun ƙarar da sauran. Ita ma tarko ne ya kama mata ƙafa, Ilu ya sa aka kwance ta ya ɓoye a zaurensa. Ya ji labarin wasu 'yan sa-kai a wajen Doguwa, tsofaffin maharba da suka ajiye bindiga suka koma kula da namun daji, shi ne ya ce in kai musu.

"Ka kai ta da rai," in ji shi. "In ta mutu a hannunka, ni da kai sai a lahira." Ya haɗa ni da bokitin kayan ciki, gudummawar mahautan garinmu.

Kwanar Ɗangora

Ɗan acaɓa ya sauke ni ƙarfe shida da kwata. Direban motar Doguwa ya dubi kwandon ya ce, "Baba, mene ne a ciki?"

"Tsuntsuwa ce."

"Talo-talo?"

"Danginta ne," na ce, Allah ya gafarta mini. Ya so ya cusa ta a but ɗin mota tare da buhunan albasa, na ƙi, na biya mata kujera guda. Mota ba ta cika ba sai bakwai da rabi.

Tudun Wada

Tara saura kwata muka tsaya, na sayi waina da miya. Ina cikin ci buhun ya zame, sanƙon kanta ya leƙo. Wani mutum mai jakar fata ya matso kamar an kira shi.

"Baba, a sayar mini. Zan ba ka kuɗin rago."

Wallahi sai da zuciyata ta motsa. Wa zai sani? Sai in ce ta mutu a hanya. Amma na tuna fuskar Ilu, na ce, "Amana ce, ɗana, yi gaba."

A nan na tafka kuskurena. Mu ba a yi mu da cin abinci baƙo na kallo ba. Na buɗe bokiti na riƙa miƙa mata hanji, tana haɗiya, ina ƙarawa, har na ji daɗin kaina.

Cikin daji

Bayan mun shiga dajin Falgore muka iske shingen jami'an tsaro. Ɗayansu ya gaishe ni da ladabi, ya ce in buɗe kwando. Ina ɗaga buhun ta zabura, ta dawo mini da duk abin da na ba ta a kan babbar rigata ta zuwa Juma'a. Wayyo wari! Mata suka yi waje suna salati.

"Haba Baba!" in ji direba. "Wannan ai ungulu da kan zabo ka yi mana!"

Na miƙa takardar shaida da mai unguwarmu ya ba ni, jami'in ya karanta yana riƙe da ita da hannu ɗaya, ɗayan yana kan hancinsa, ya ce mu wuce da sauri. Kowa yana dariya ban da ni, don ungulun ta kwanta ta saki wuya, ido a rufe. Na taɓa ta ba ta motsa ba. Tsoro ya kama ni sosai.

Doguwa

Sha ɗaya saura muka isa. Shugaban 'yan sa-kan, Malam Ɗanjuma, ya ɗauke ni a babur zuwa wani fili da aka kewaye da zana. A gefe ga tulin tarkunan waya da suka kwance a daji. Ga kuma wata rumfa, kwanon rufinta wani mai shayi ne ya ba su, magunguna kuma matan gari ne suka haɗa hannu, likitan dabbobi yana leƙowa ran Asabar kyauta.

Na ce, "Malam, ina jin na kashe ta."

Ya duba rigata, ya duba ta. "Abinci ka ba ta a hanya?"

"To, baƙuwa ce."

Ya yi dariya har da buga cinya. "Ungulu in ta tsorata amai take yi, sannan ta yi lamɓo. Wannan ta fi ka lafiya." Ya wanke ƙafar ya sa magani, ya ce nan da 'yan makonni za su sake ta.

Sai ya juye sauran kayan cikin a kan wani falalen dutse, muka koma inuwa. Kafin azahar sai ga ungulaye suna jewa a sama, suka sauko ɗaya bayan ɗaya. Tawa ta ɗago kai tana leƙe ta tsakanin zana. Ni da na zo ina mita, sai ga ƙwalla a idona.

Gida

Da magariba na iso Ƙofa cikin rigar aro, na zarce zauren Ilu.

"Da rai?"

"Da rai. Kuma ba ita kaɗai ba ce, da idona na ƙirga biyar."

Ya cire hula ya goge ido. "Shekara arba'in ina jifarsu a mayanka," in ji shi. "Na ɗauka zan je gaban Allah a ce a hannuna suka ƙare." Ya ja numfashi, ya ce, "Duk Juma'a bokiti zai tafi."

"Wa zai kai?"

"Wa ya san hanya?"

Na gode wa Allah da ya kai ni ya dawo da ni lafiya, na gode wa Malam Ɗanjuma da mutanensa. Direban nan kuma ina roƙonsa ya yafe mini, don motarsa zan sake shiga.