Zuwa Maiyama a Mota Mai Ɗaga Rufi

Ƙarar murfin adakar Inna ce ta tashe ni, wannan ƙiii da yakan yi idan an buɗe. Inna mahaifiyar maigidana ce, kuma tun da ta kwanta ciwo da damina ba ta sake taɓa adakar ba. Na leƙa ɗakinta na tarar tana zaro zanen fita. Ashe saƙon da aka kawo jiya ne ya hana ta barci: ƙanwarta ta Maiyama, wadda su biyu kaɗai suka rage a ɗakinsu, za ta Makka, motar alhazai za ta ɗebe su bayan la'asar.

"Ɗiyata, ni da ita duk mun tsuhwa," in ji ta. "Ba ta tahiya ba mu yahe ma juna ba."

Mun tashi daga Jega da asuba, har da yarana, a motoci biyu, tamu da ta ƙanin maigida. Duka 'yan Kwatano ne, irin ƙananan bas ɗin da Turawa ke yawon buɗe ido da su, da gado da kabad a ciki. Abin da ke tara mana jama'a shi ne rufinsu yana ɗagawa, tamfol ya miƙe ta gefe kamar tanti, har mutum ya tsaya tsaye a ciki. Tamu tsohuwa ce, sai an zare sakatu biyu an sa kafaɗa an tura. Tasa kuwa maɓalli yake dannawa daga kujerar direba, rufin ya tashi da kansa yana gunji. Tun da ya sayo ta ya hana ni sakat.

"Matar yaya, yau ma dambe za ku yi da rufi?"

Na ce masa mu dai ƙarfinmu ba ya jiran batir. Duk da haka motarsa muka saka Inna, don kujerunta sun fi laushi.

Maiyama kudu take, amma gabas muka fara nufa, domin Inna ta ce ba ta zuwa ba da ɗiyarta da ke aure a Aliero ba. Hanyar tana da kyau, sai dai amalanke da jakuna, kowa da buhunan albasa. Kakar albasa ce sosai. Tun kafin mu shiga gari warinta ya cika motar, ga rudu jere a bakin gonaki, rumbunan kara da suke adana ta a ciki. Ta yi araha har mai tallar masa ba ta jin ƙyashin zuba ta a miya. Tun da aka ba mu jiha manyan motoci suka ƙaru a wannan layi, amma manomi har yanzu kuka yake da farashi.

A gidan surukan aka shimfiɗa mana tabarma, aka kawo kunu da masa, aka shiga gaisuwa. Ina duban rana ina duban Inna, amma ba a yanke wa dattawa gaisuwa. Da muka fito muka tarar mutanen gidan sun ɗora mana tsaraba, buhunan albasa a kan rufin kowace mota, an ɗaure tamau da igiya. A wurinmu ai rufin mota wurin kaya ne, wa zai ce musu wannan daban yake? Maigida da ƙaninsa suka dubi juna, kunya ta hana su magana, muka yi godiya, muka ɗauki ɗiyar Inna muka kama hanya.

Muka koma ta Jega, na sayi soyayyen kifi don gidan da za mu, muka haye gada muka miƙa kudu. Nan hanya ta canja hali, ramuka suka sa muka riƙa tafiya kamar masu rakiyar amarya. Zafin bazara ya sauko. Azahar ta yi mana a gindin wata tsamiya, inda Fulani mata ke sayar da fura da nono mai sanyi.

Wannan shi ne babban amfanin motocin a gare mu mata: a ɗaga rufi, a ja labule, ka yi sallarka a tsaye babu idon kowa. Inna ta ce a ɗaga mata. Ƙanin maigida yana zaune a kujerarsa, hira na bakinsa, ya miƙa yatsa ya danna. Ya manta da albasa. Injin ya yi gunji, ya koma kuka, gefe ɗaya ya ɗaga, igiya ta riƙe ɗayan, sai ƙaurin waya. Rufin ya tsaya a karkace, bai hau ba bai sauka ba, ko da aka sauke buhunan. Tafiya da shi haka kuwa iska za ta yage tamfol.

Maigidana ma ya manta, gaskiya. Amma shi da ya zare sakatu ya sa kafaɗa, nan take ya ji nauyi ya ce, "Kai, albasa!" Aka kwance igiya, aka sauke, rufi ya tashi lafiya.

Ƙanin ya yi tsaye zufa na zuba, ya kasa duban mahaifiyarsa. Na so in rama zolayata, da na ga fuskarsa sai na miƙa masa fura. Inna ta ce, "Bari, ɗana, mota ce." Muka riƙo ta zuwa tamu. Maigida ya ce ko ta yi sallar a zaune don lokaci, ta ce tunda Allah Ya mayar mata da ƙafafunta, a tsaye za ta gode Masa. Muka jira. Muka bar ƙanin da motarsa da albasa duka, an tafi nemo masa mai gyaran wayar mota, mu kuma muka cushe a mota ɗaya, yara a kan cinya.

A sauran hanyar, duk babbar motar da ta ɓullo daga gaba sai in leƙa in ga ko ita ce, don motar alhazai idan ta tashi da 'yan rakiyarta ba ta tsaya wa kowa, Inna kuma ba ta da ƙarfin bin su sansanin alhazai.

Mun shiga Maiyama ana fitowa daga la'asar. Doguwar bas ɗin tana nan, amma an gama kiran suna, an rufe ƙofa, direba ya tayar. Jama'a ta yi mata zobe, mai kuka na yi, mai addu'a na yi. Ɗiyar Inna ta hango ƙanwar mahaifiyarta a wata taga, can sama, inda ko dogon namiji sai ya yi ɗage. Ta yaya tsohuwa mai sanda za ta ratsa wannan taro?

Maigida ya zagaya ta ɗaya gefen, yana ba mutane haƙuri ta taga, har ya jera motarmu da bas ɗin. "Zo ki kama mani," ya ce. Na zare sakata ɗaya ya zare ɗaya, muka tura tare, na zuge zif ɗin tagar tamfol. Muka ɗora Inna a kan gado ta tsaya, na rungume ƙafafunta, ɗiyarta ta tallafe bayanta. Kanta ya yi daidai da tagar ƙanwarta.

Ban ga fuskokinsu ba, ina ƙasa. Muryoyi kawai na ji.

"Yaya! Ke ce? Da wanga ciwo?"

"Ni ce. Ki yahe mani, ƙanwata."

"Mi kika yi mani? Ni dai ki yahe mani."

"Na yahe duniya da lahira. In kin ga Ɗakin Allah, ki tuna da Innarmu da Babanmu."

Ƙafafunta suna jingine a ƙirjina, ƙanana, marasa nauyi kamar na yarinya. Bas ta fara motsi, na ji jikinta ya bi hannun ƙanwarta da ake janyewa, sannan ta dawo. Da muka zaunar da ita tana murmushi, ta ce a ba ta kifin nan, yunwa take ji. Rabon da ta nemi abinci da kanta har na manta.

Mun kwana a Maiyama, washegari muka dawo. Ƙanin ya riga mu isa, mai gyara ya kwance injin sun danne rufin da hannu. Ya ce za a nemo wani injin daga Sakkwato, ban kuma ga laifinsa ba, don wanda ba shi da mataimaki ko kafaɗarsa ta gaji, maɓallin rahama ne. Abin da na koya dai shi ne, abin da ka ɗaga da jikinka yakan gaya maka idan da matsala tun bai lalace ba. Alhamdu lillahi da Ya isar da mu.

Ina wanke wa autata ƙurar hanya da yamma, yayarta na jiran layi da soso, sai ta ɗago ta dube ni.

"Mama, in Yaya za ta Makka na tsufa, wa zai riƙe mani ƙafa?"