Katin da Na Kasa Gwadawa a Gaban Surukina

Ana sallame sallar asuba muka bar unguwarmu Yalwawa a Dutse, ni da wani abokina a motarsa. Kwamfutata tana kujerar baya, na naɗe ta da bargo na ɗaure ta da bel kamar mara lafiyar da za a kai asibiti. Taura muka nufa. In faɗa muku tun yanzu, raina a ɓace nake wannan rubutun, wanda ya zo neman labarin daɗi ya yi haƙuri.

Masu bibiyata sun san wata tara ke nan ina haɗa kwamfutar buga gem, wato wasan allo. Albashin ƙaramin ma'aikaci ba ya sayen haɗaɗɗiya, don haka guntu-guntu na bi ta. Wannan watan akwati, wancan watan fanka da wayoyi, wani watan kuwa sai dai in buɗe ta in kalla in rufe. Abu ɗaya ya rage, katin hoto, wanda 'yan harkar ke cewa girafik. Shi ke ɗaukar nauyin gem, in babu shi kwamfuta ta buga takarda ce kawai. Sabo ya fi ƙarfina nesa ba kusa ba. Sai wani a zaurenmu na waya ya sa nasa a kasuwa, na hannu, dubu ɗari da saba'in. Iya abin da nake da shi ke nan, har da kuɗin tunkiyar da na sayar.

Duk mai sayen kati na hannu ya san doka ɗaya. Ba a yarda da shi don ya nuna hoto. Kati mai ciwo yana nuna hoto tas in yana da sanyi. Sai an kunna masa gem mai nauyi, an buga kamar rabin awa ya ɗau zafi, sannan asirinsa ke tonuwa. Abin da ya sa na kinkimo kwamfutar ɗungurungum ke nan, da allo, da hannun bugawa.

Hanya dai babu laifi. Muka wuce Shuwarin gari bai gama wayewa ba, muka tsaya Kiyawa muka sayi ƙosai da koko. Ƙosan yanzu, wallahi sai ka haɗa uku kafin bakinka ya san ka sa wani abu. Daga nan zuwa Jahun gero ne an yanke an jingine dama da hagu, ga amalanken shanu suna bin gefen titi da dammuna. Duk ramin da muka faɗa sai na waiga baya, har abokina ya ce ranar da ya ɗauko matata daga asibitin haihuwa ban waiga haka ba. Wajen Gujungu ƙasa ta buɗe, shinkafa shar har iya ganinka, mata sun jera soyayyen kifi a faranti. Na ce mu bari sai mun dawo, mu ci na murna.

Hantsi ya ɗaga muka shiga Taura. Mai katin ya tare mu a bakin titi, magidanci ne kamar sa'ana, fara'a har kunne. Ya ce babu wuta a unguwar, amma akwai sola a zauren mahaifinsa, can za mu gwada. Na ce ba komai. Na rungumi kwamfuta na yi sallama na shiga.

Dattijon da ke zaune a kan buzu da carbi baffan matata ne. Shi ya ba ni aurenta, a hannunsa aka damƙa sadaki. Ni a Garki na san su, ashe da ya yi ritaya daga koyarwa nan ya dawo. Ɗan nasa kuwa ban taɓa ganinsa ba, a waya ma da laƙabi yake amfani.

Na dire kwamfuta na zube ƙasa, kaina a sunkuye. Gaisuwa ta ɗauke mu kusan minti goma, ya tambayi 'yarsa, ya tambayi jikoki ɗaya bayan ɗaya, ya yi min tsiyar sai da ciniki ya kawo ni na san hanyar gidansa. Sannan ya dubi akwatin da ke gabana.

"To ɗana, wannan babbar na'ura ta mece ce?"

Ku gaya min, jama'a, me zan ce? In dubi tsohon hedimasta, wanda ya ɗauki 'ya ya ba ni, in ce na sayar da tunkiya na yi tafiyar awa biyu don in riƙa tseren mota a allo? Ni da 'ya'ya uku?

"Ta aikin ofis ce, Baba," in ji ni.

Ya ce madalla, haka ake son yaro mai kishin aikinsa, ya sa min albarka. Ya gyara zama ya ce bari ya ga yadda ake yi, shi bai taɓa ganin cikin kwamfuta ba.

Na kwance, na soka katin, na jona allo. Hoto ya fito tas. Ga gem ɗin nan a gefen allo, taɓawa ɗaya ya rage, amma hannuna ya ƙi zuwa. Hannun bugawar ma yana aljihun rigata yana tokare min ciki, na kasa fito da shi. Na buɗe wata tsohuwar takardar neman hutu, na yi sama da ita na yi ƙasa. Baba ya matso ya karanta, har ya gyara min kuskure a layi na biyu. Na saci kallon abokina ko zai kawo dabara, na tarar ya kafa wa rufin zaure ido, kafaɗunsa na rawa.

Na jira ko Baba zai tashi. Bai tashi ba. Aka kawo dambu da zogale yana ta ƙamshin man gyaɗa, abokina ya zauna ya share kwano, ni kuwa ba a ci gaban suruki, na ce na ƙoshi alhali cikina na kuka. Sai ɗan ya ce, murya ƙasa-ƙasa cike da ladabi, "Yaya, ko akwai sauran abin da za ka gwada?"

A nan na gane. Mutumin nan ya san abin da zan yi da katin, mun shafe sati muna hirar gem da shi. Hoton 'ya'yana da sunayensu yana kan lambata, babbar kuma sunan kakarsa ta ci. Ina zargin tun kafin in taso ya san ko ni wane ne, ya kuma san abin da ba zan iya yi a zauren nan ba. Duk da haka bakina ya ce, "Babu." Ko ragi ban nema ba. Na tura masa kuɗi, Baba ya ɗaga hannu ya yi addu'a Allah ya sa a ƙara min girma a ofis da wannan na'ura, na shafa.

Muka kamo hanyar dawowa. Mun wuce masu kifi ban ko kalle su ba. Abokina ya yi dariya har sai da ya gangara gefen titi ya tsaya, na ce in bai ja motar nan ba zan sauka in hau ta haya.

Bayan la'asar muka iso Dutse. Ko wanka ban yi ba na jona komai na kunna gem. Minti takwas na yi ina jin daɗin duniya, ban taɓa ganin hoto mai kyau haka ba. Sai fanka ta fara ƙugi, layuka kore suka tsaga allo, komai ya ɗauke. Na bari ya huce na sake. Minti shida. Na sake. Huɗu.

Na kira mai katin na zayyana masa komai. Ya saurare ni har na gama, ya ce, "Ikon Allah. Amma Yaya ai a gaban Baba ka gwada, ka ce lafiya lau. Ko in haɗa ka da shi ka yi masa bayani?" Na kashe wayar. Matata da ta ji abin da ya faru ta ce, "Baban Ummi, don Allah ka rufa min asiri. In maganar nan ta shiga dangi, ni za a zaga."

To ga abin da tafiyar nan ta koya min. Kayan hannu a wajen bare ake sayensu, wanda za ka iya riƙe wa wuyan riga a tsakiyar kasuwa. Kada ka yarda a zaɓa maka wurin gwaji. In kuma kana jin kunyar abin da kake so, ka shirya biyan kuɗin kunyar, tawa dubu ɗari da saba'in ta ci. Haushin mutumin nan nake ji, amma na kaina ya fi, domin babu wanda ya riƙe min hannu.

Jiya da safe ina shirin fita Baba ya kira ni da kansa, abin da bai taɓa yi ba. Ya ce tun ranar nake ransa, ya ji daɗi ƙwarai da ya ga 'yarsa na hannun mutum mai himma. Ya tambayi yadda na'ura take. Ina tsaye a kanta, na cire katin na ajiye a kan tebur. Na rusuna, ni kaɗai a ɗaki, na ce, "Tana aiki, Baba. Mun gode."