Firjin Zorka a Garejin Svata

Sunan gidan maƙwabcinmu Nechvatal, wato mutumin da ba ya gaggawa. Ban san wanda ya raɗa wa kakansu sunan ba, amma na tabbata bai ga Svatopluk ba. Svata, kamar yadda kowa ke kiransa, yana sauka daga bas kafin ta tsaya, yana amsa tambaya kafin a gama yin ta, kuma ya auri Draha, in ji ita, tun ba ta gama tunanin ko tana son sa ba.

A gidan da yake ciki yanzu aka haife shi, shinge ɗaya ne tsakaninmu. Ya yi aikin gyare-gyare a gonar gwamnati har ta watse, ya koma masana'antar maɓalli a Jihlava har ita ma ta rufe. Ban ce shi ya rufe su ba. Ranar da ya ajiye aiki abokansa suka yi masa kyautar injin huda mai batir, kuma tun daga ranar ba abin da ya sake zama lafiya a gidan. Ya huda bango ya kafa katako, ya huda katakon ya kafa ƙugiya, ya rataye injin a ƙugiyar. Draha takan ce in za ta yi barcin rana sai ta rufe kunnuwanta da hannu, ba don ƙara ba, don kada ta farka ta tarar an ƙara mata huji.

Wuri ɗaya ne Svata ya iya zama a cikinsa: mashayar ƙauyenmu, a teburin da ke kusa da murhu, kujerar da ubansa ya zauna a kai kafin shi. Da gwiwoyin mai mashayar suka gaza ta rufe wurin, tsofaffin teburin suka koma gida gaban talabijin. Svata ya ɗauki abin kamar da shi aka yi. Ya ce in babu mashaya shi zai zama mashaya. Ya sayo sha'ir, ya ƙwace babbar tukunyar da Draha ke dafa wanki a ciki, ya fara dafa giya a gareji.

Giya tana son a jira ta. Svata ya ɗura tasa a kwalabe tun ba ta gama tsima ba, ya jera su a ɗakin ƙasa, suka riƙa fashewa ɗaya bayan ɗaya, suka tafi da kokwambar da Draha ta jiƙa don hunturu. Daga nan ya yanke shawarar cewa laifin kwalba ne. Abin da yake bukata shi ne ƙaramar gangar ƙarfe da tukunyar gas, a saka su cikin ƙaramin firji, a huda saman firjin a kafa famfo, giya ta riƙa fitowa da sanyinta kamar a mashayar gaske. Matsalar ita ce bututun da ke ɗauke da iskar firji a ɓoye yake cikin jikinsa, ba a ganin sa daga waje. Svata kuwa yana da baiwar samun sa a hujin farko. Ya kashe firjin da ya sayo a kasuwar gwanjo, ya kashe na ƙanwar matarsa, har yau ba ta yi masa magana.

Mu ma muna da ƙaramin firji. Na 'yarmu Zorka ne, wanda ta yi amfani da shi a ɗakin kwanan ɗalibai a Brno. Ta rasu a shekararta ta ƙarshe a jami'a, ciwon jini. Da muka kwaso kayanta, mijina Vilem ya ajiye firjin a ɗakinta ya jona shi da wuta. Ba komai a ciki. Vilem tsohon malamin kimiyya ne, ya san abin da firjin da ba komai a ciki yake sanyayawa. Yakan hau sama bayan karin kumallo ya zauna kusa da shi, ya sauko in na kira shi cin abinci. Tun ranar jana'iza bai ƙetare ƙofar shingenmu ba.

Ni mai haɗa magani ce, shi ya sa kowa a ƙauyen ke ce mini Magistra. Na san sunan abin da ke damun Vilem da sunan maganinsa. Likita ya rubuta, shi kuma yana sha a kan lokaci, sannan ya koma ya zauna. Na daɗe a bayan kanta, na ga tsofaffi da yawa da suka daina fita. Bayan wani lokaci matansu ne ke zuwa su dawo mini da ragowar ƙwayoyin. Abin da nake tsoro ke nan, kuma ban faɗa wa kowa ba.

Mutanen ƙauye sun yi mana kara. In sun hango ni sukan sassauta murya, wasu su tsallaka titi don kada su takura mini. Svata bai san irin wannan ladabin ba. Wata Asabar da safe ya turo ƙofar kicin da hularsa a ka.

"Magistra, barka da hutawa. Malam yana sama?"

"Ina kuma zai kasance?"

"Madalla. Firjin yarinyar nan na zo tambaya. Daga lambuna ina jin sa ta taga, injin lafiya lau, kamar mage tana barci. Me ke ciki?"

"Ba komai."

"Ba komai? Shekara guda yana shan wuta yana sanyaya iska?"

Na dube shi, ya dube ni da fuskar da ba ta san ta yi laifi ba. Na nuna masa matakala.

Daga ƙasa nake jin su. Vilem ya ce a'a, da muryar nan tasa da ta zama kamar ta mai magana cikin barci. Svata bai ji ba, ko ya ji bai ɗauka amsa ce ba.

"Huji ɗaya tak, Malam, ɗan ƙarami a ka. Ko jini ba zai yi ba."

"Firji nawa ka kashe zuwa yanzu?"

"Biyu. Amma ɗayan dama ba shi da lafiya."

Sai na ji Vilem ya ce, "A ina kake shirin hudawa?"

"A tsakiya mana. Ina ake huda abu?"

"Tsakiya. Ka san abin da ke ƙarƙashin tsakiyar?"

"Ƙarfe."

Vilem ya jure abubuwa da yawa a shekarar nan, amma amsar da ba daidai ba bai taɓa iya barin ta ta wuce ba. Na ji kujera ta motsa. Na ji yana bayani, a hankali da farko, cewa bututun yana da ɗumi in firji na aiki, don haka in aka shafa wa saman firjin kunun sitaci da aka dama da barasa, inda bututun ya bi shi zai fara bushewa. Ya ƙare da cewa, "Ba za ka taɓa shi ba sai ina tsaye a kanka." Ina jin bai lura ba cewa ya amince ke nan.

A baro suka ɗauke shi, an shimfiɗa bargo a ƙasa. Svata yana turawa, Vilem yana gefe da hannu ɗaya a kan firjin, yana cewa a hankali, a hankali. Da silifas ɗin gida ya fita ƙofar shingen. Na bi su a baya.

A gareji aka dama sitaci da slivovice ɗin Svata, barasar 'ya'yan itace mai ƙarfi, wadda ya tsiyaya yana kawar da kai.

"Ta shekarar da itatuwa suka yi 'ya'ya ce, Malam. Ko a bikin ɗana ban buɗe ta ba."

"Shafa. Ba da kauri ba. Kai, an ce shafa, ba yaɓe ba."

Aka jona wuta, aka jira. Svata ya zaga firjin, ya duba batir, ya share teburin da ba datti, ya sake zagawa. Sannu a hankali fararen layuka suka bayyana a cikin danshin, ɗaya a gaba, ɗaya ya ratsa tsakiya daidai inda Svata ya so hudawa. Vilem ya ciro jan alli daga aljihun rigar sanyinsa, ban san tun yaushe yake ciki ba, ya buga alamar X a kan layin tsakiya, babba, yadda ko makaho zai gani.

A lokacin ne Draha ta fito da kofi da waina a faranti. Ba ta ga Vilem ba tun ranar jana'iza. Ta ajiye farantin a bakin ƙofa ta kama hannunsa da hannu biyu, shi kuma, da yake mutum ne mai ladabi, ya juya ya saurare ta. Tana cikin cewa Zorka tun tana ƙarama, sai injin hudar ya yi kuka a bayansa. Gajeren kuka ne. Abin da ya biyo baya wani dogon tsaki ne, siriri, kamar na tayar keke.

"Me ka yi?"

"Inda ka sa alama na huda, Malam. Tsakiyar X ɗin cif, ko gashi ban kauce ba."

"X yana nufin kuskure! Yana nufin a'a, ba nan ba!"

"A makaranta ke nan. A wurin aiki X yana nufin nan za a huda. Tambayi kowa."

"Tsawon rayuwata ina buga wa yara X, ba wanda ya taɓa ɗauka yabonsa nake yi!"

"To da ka faɗa!"

"Da ka jira, jaki! Jaki mai batir!"

"Yesu da Maryamu," in ji Draha.

Vilem ya yi ihu har karnukan layin suka amsa. Ya kira Svata sunayen da ban san ya san su ba, ya haɗa da gonar gwamnati da masana'antar maɓalli. Fuskarsa ta yi ja, wuyansa ya kumbura. Ni dai ina tsaye ina lura, kamar yadda aikina ya koya mini, cewa numfashinsa yana kaiwa har ƙasan ƙirji. Daga baya ya ɗora yatsa a kan hujin, ya bar shi a nan har tsakin ya ƙare.

Svata ya cire hula. Ya ce, "Zan sayo wani, Malam."

"Wani na wa?"

Vilem ya koma gida ya hau sama ya rufe ƙofa. Mai gyara ya zo daga gari ya ce irin wannan ba a ɗinke shi. Kwanakin da suka biyo baya su ne mafi muni. Da yana zaune kusa da wani abu, yanzu yana zaune ne kawai, kuma ya fara barin rabin abincinsa.

Kunyar Svata ba ta wuce ta kwana kaɗan. Ya lura cewa tunda firjin ya riga ya mutu, hujin yana daidai inda ya so shi tun farko. Ya faɗaɗa shi, ya kafa famfo, ya saka ganga da gas, ya aika wa tsofaffin teburi cewa an buɗe. Giya mai ɗumi in ta bi famfo kumfa zalla take fitowa. Svata ya cika musu tambulan da farin kumfa ya ce wannan ita ce madara, irin zubin da ake yi a manyan mashayun Prague, sai wanda ya waye ya san ta.

"Madarar wace saniya, Svata?" in ji tsohon mai raba wasiƙu. "Wannan ai ko ɗan maraƙi zai mayar."

"Sha ka yi shiru, kai da ba ka taɓa wuce Jihlava ba. Kakanninmu da ɗuminta suka sha."

Lokacin zafi ne, tagogi a buɗe. Da yamma Vilem ya sauko ba tare da na kira shi ba. Ya tsaya a kicin ya ce, "Giya mai ɗumi yake zubawa daga firjin Zorka." Ya buɗe gidan ƙanƙarar babban firjinmu, ya fitar da agwagwar da na ajiye da waken lambu, ya cika gorunan roba da ruwa ya jera su a wurin. Agwagwa muka ci har ƙarshen mako.

Washegari ya sa takalmi, ya zuba gorunan ƙanƙara a kwando, ya ɗauki ma'aunin zafi ya fita. Tun daga ranar kullum sai ya je canja su, don ya ce in aka bar wa Svata zai huda su. Yakan zauna a kan akwati har ma'aunin ya sauka inda yake so. Da farko ba ya sha. Yanzu yana shan tambulan ɗaya, don ya samu hujjar cewa ba ta da daɗi. Ba su shirya ba. Svata yana nan kan cewa X nan ake hudawa, ya ma kawo wani kafinta ya ba da shaida.

Da ganye ya fara zuba na fara lissafin abin da ban so. Garejin Svata ba murhu, in sanyi ya kama giya ba ta bukatar ƙanƙarar kowa. Na ga ranar da kwandon zai zauna a bayan ƙofa, da abin da zai biyo baya.

Makon jiya raɓa ta daskare a kan ciyawa. Na shigo kicin na tarar da Vilem ya ɗora buta a wuta, ya jera gorunan a tebur, yana ɗura musu ruwan ɗumi ta mazurari.

"Me kake yi?"

"In giyar ta daskare gangar za ta tsage," ya ce, bai ɗago ba. "Shi wancan ba zai sani ba sai ta tsage. Ina kika ajiye takalmana na dusar ƙanƙara?"