Kaskon Gahawar Kafinta

Duk wanda ya taɓa zama a layin nan ya san abu biyu ne ke fitowa daga gidan Kafinta da sassafe. Ƙamshin gahawa ne ke fara fita, ya bi ta taga ya gaida maƙwabta, sai can muryar matarsa ta biyo baya.

"Kafinta! Wallahi sai ka ƙona mana gidan nan hankalinka zai kwanta!"

Ita tela ce, kekenta na ɗakin da ke manne da kicin, kuma ba ta ƙaunar gahawa ko kaɗan. Shekara arba'in da ɗoriya suna tare, ba ta taɓa kai ta bakinta ba. Shi ke kiranta Tela, ita ke kiransa Kafinta, har jikoki suka taso suna zaton sunayensu na yanka ke nan.

A wurin maigidansa ya koyi shan gahawa, tun yana yaron shago yana koyon riƙe zarto. Ranar da tsohon ya yaye shi, bai ba shi komai ba sai guduma da wani baƙin kasko na ƙarfe mai kauri. Gudumar ta daɗe da ɓata. Kaskon kuwa yana nan rataye a ƙusa ɗaya bayan ƙofar kicin, ba a soya ko ƙwai a cikinsa, ba a wanke shi da sabulu. Sau ɗaya Tela ta taɓa dirje shi tana amarya, don ta burge shi. Ba ta ƙara ba.

Zuwa sayen gahawa da Kafinta kuwa, sai mai haƙuri. Garin gwangwani dai kada ma a nuna masa, ya ce wannan da dussar katako duk ɗaya. Ɗanyun 'ya'yan gahawa yake saye, a wani ɗan shago da ke ƙarshen kasuwa. Zai nannaɗe hannun riga ya cusa hannu har gindin buhu, don ya ce na sama na ido ne. Ya baza su a tafinsa ya duba ko girmansu ɗaya, domin in aka haɗa manya da ƙanana a kasko, ƙananan sun ƙone manyan ba su soyu ba. Ya tsince baƙaƙe da fasassu da masu hudar ƙwaro. Ya ciji ɗaya ya ji bushewarta. Sa'an nan ya kai hanci, ya lumshe ido. In ya ji ƙamshin ciyawar da aka yanka ta sha rana, ya saya. In ya ji warin buhu ko na danshi, ya kakkaɓe hannu ya ce wa mai shago a gaida gida. Duk wannan bidiri Tela na tsaye a ƙofa da ledar zarenta, tana cewa ko surukai ba a bincikensu haka.

A gida ma ba ya son tarkace. Kasko, ludayin katako da ya sassaƙa da kansa, ɗan injin niƙa na hannu mai aljihun katako wanda ya sake masa mariƙi ba sau ɗaya ba, buta mai siririn baki, sai matacin ƙyalle. Matacin ita ke ɗinka masa da farin yadin auduga, tana ɗinkawa tana mita. Ba ya niƙa sai abin da zai sha a lokacin. In ruwa ya tafasa sai ya sauke ya bar shi ya huce kaɗan, ya zuba a hankali yana zagayawa, kamar mai shafa wa tebur fenti.

Suyar ce dai wurin faɗa. Yakan sa kasko a wuta yana juyawa, 'ya'yan su tashi daga kore zuwa ruwan ƙasa. Da fari ƙamshin ba ya damun Tela. Amma akwai wani lokaci da yake juyewa ya yi kaifi, ya shiga ɗakinta ya kama mata maƙoshi, sai ta tsayar da keke ta kwarara masa kira. Shi kuwa nan take ya sauke kaskon, ya juye a faranti yana fifita. Wannan abu na yi mata daɗi ƙwarai, har takan yi wa masu kawo ɗinki fariya da shi.

"Ni nawa mijin magana ɗaya nake yi. Kafin in rufe baki ya sauke."

Haka suke har shekarar da zazzaɓi da wata muguwar mura suka kwantar da shi. Ya tashi, alhamdu lillahi, ya rame amma ya tashi. Ranar da ya fara shiga kicin, Tela ta leƙo ta gan shi ya buɗe gwangwanin gahawarsa ya sa hanci. Ya daɗe a haka. Ya ɗago, ya sake sawa. Sai ya rufe a hankali ya mayar. Ba sai an gaya mata ba, hancin ya tafi. Kunnensa dama injin yankan katako ya daɗe da cinye rabinsa, sai an ɗaga murya yake ji.

Allah sarki, Tela ta koma ɗaki ta zauna gaban keke ta yi kukanta. Mutumin da duk daɗin duniyarsa ke cikin wannan ƙamshi, yau ba ya ji, ita kuma ta riƙa yi masa ihu a kai? Ina! Ta ɗaura wa kanta cewa daga ranar bakinta ya mutu. Ko hayaƙi zai fitar mata da ido, ba za ta ce uffan ba.

Ta cika alkawari kuwa. Washegari ƙamshin ya yi kaifi, ta cije leɓe ta ci gaba da taka keke. Gahawa ta ƙone ƙurmus. Kafinta ya zubar a kwandon shara ya wanke hannu. Rana ta gaba ma haka. Wata rana ya sauke da wuri don tsoro, ta fito ɗanya, ya kurɓa ya ture kofin. Kullum in ya fito daga kicin sai ya ɗan tsaya a ƙofar ɗakinta ya dube ta, kamar mai son magana. Ita kuma ta yi masa murmushi ta ce sannu da aiki. Sai ya wuce. Har maƙwabta suka fara tambaya ko lafiya, sun daina jin muryarta.

Ranar da abin ya ɓaci, hayaƙi ya turnuƙe kicin, ya rikice ya ajiye kaskon a kan tsumma kusa da wuta. Tsumma ya kama, labulen taga ya kama. Da maƙwabcinsu bai faɗo da bokitin ruwa ba, da labarin ya yi muni.

Kafin yamma autarsu ta iso. Ma'aikaciyar jinya ce, kuma a cikin 'ya'yan ita ce ta gado bakin uwar. Ta zo da kwali a hannu. Ta buɗe, sai ga wani injin haɗa gahawa mai ƙyalli, da 'yan ƙananan mazubai rufaffu da aka riga aka cika da gari.

"Baba, ga shi. Ruwa za ka zuba nan, ka sa wannan, ka danna nan. Ba wuta, ba hayaƙi. Kaskon kuma gobe da shi zan tafi."

"Auta, kaskon maigidana ne."

"Na sani, Baba. Amma uba ɗaya gare ni."

Ya shafa injin da tafin hannu kamar yadda yake shafa katako, ya ce yana da kyau, Allah ya yi albarka. Tela na kallonsa ta ga yadda kafaɗunsa suka sauka, zuciyarta ta yi mata zafi. Amma me za ta ce? Yarinyar ba ta yi ƙarya ba, labulen ga shi nan a ƙone.

Da safe ya roƙi arziki ɗaya. Akwai sauran 'ya'ya masu kyau a gwangwani, a bar shi ya soya su, in ya so a tafi da kaskon. Auta ta yarda, amma ta tsaya a bayansa da bokiti cike da ruwa.

Tela na ɗakinta. Ranar farar riga ce a kan keke, ta wata mata mai tsananin tsabta da za ta zo karɓa da hantsi. Tana cikin kafa wuya, hankalinta duk ya tafi kan allura, sai ƙamshin ya juya ya kama mata maƙoshi. Ta tuna farin yadi, ta manta alkawari.

"Kafinta! Wallahi sai ka ƙona mana..."

Ta toshe bakinta da hannu. Amma ta riga ta ji ƙarar kasko ya bar wuta, ta ji 'ya'ya na zuba a faranti. Ta taso da sauri don ta ba shi haƙuri. Sai ta tarar da shi yana fifita, ga gahawa ta yi ruwan ƙasa mai kyau tana sheƙi, ba ko ɗaya da ta ƙone. Shi kuwa yana dariya, hawaye na bin gemunsa.

"Ina kika shiga, Tela? Kullum ina tsaye ina jiranki."

"Jirana kamar yaya?"

"To da wa kike zaton nake gane ta yi? Kafinta ne ni, hancina tun ina saurayi rabinsa ƙurar katako ce. Na iya zaɓe a buhu, amma a kan wuta hayaƙi ke cika mini hanci. Tun makon da aka kawo ki na lura, in kika yi ihu na sauke, ta yi daidai. Ban taɓa samun kuskure ba."

Tela ta riƙe ƙugu. "Au! Wato duk shekarun nan ba tsorona kake ji ba?"

"Ina ji mana. Ana haɗawa."

"Ni kuma ina ta yi wa mata fariya! To me ya hana ka faɗa, ka bari muka kusa ƙonewa?"

Ya sunkuyar da kai. "Na ga kin tausaya mini. Yaya zan ce miki, don Allah dawo ki yi mini faɗa?"

Auta ta ajiye bokiti, ta zauna a kan kujera tana dariya har tana share ido. Da ta natsu ta kafa sharaɗi: ba zai kunna wuta ba sai Inna na ɗakinta, ƙofa a buɗe. Injin kuma ta ce a bar shi saboda ranar da Inna ta yi tafiya.

Ya niƙa, ya tace, ya zuba a kofinsa. Ya kai hanci bisa sabo, sai ya tsaya. Har yanzu ba ya jin komai. Ya juya ya miƙa wa matarsa.

"Ɗanɗana mini."

Ta dubi kofin, ta dube shi. Ta karɓa da hannu biyu ta kurɓa, fuskarta ta yamutse gaba ɗaya.

"Kai! Ɗaci kamar me! Wannan kake sha duk shekarun nan?"

"Akwai ƙauri?"

Ta sake kurɓa, ta juya shi a baki. "Babu ƙauri. Can ƙarshe ma akwai ɗan zaƙi-zaƙi."

"To ta yi," in ji shi, ya karɓi kofinsa.

Auta ta tafi hannu wofi. Tela da kanta ta goge kaskon da busasshen ƙyalle ta mayar da shi ƙusarsa, tana cewa gobe in ya kuskura ya sa mata hayaƙi a kayan mutane sai ya gane kurensa.